Uwani, Kafin Kawunki Ya Tafi da Ke Gafasa

Kai da aka miƙa wa takardar nan ka karanta, kafin ka gyara murya bari in tambaye ka. Ka taɓa tsayawa a zauren gidan mutane da jaririya a hannu tana tsala kuka, ka yi sallama har muryarka ta dushe, matan gida suna jin ka, kai kuma ba damar shiga? In ba ka taɓa ba, to ka karanta abin da na rubuta yadda na rubuta shi. Kar ka tsallake layi, kar ka tausasa mini magana don ka faranta wa wani. Ba malami ne ya koya mini boko ba, a jikin buhun taki da takardun naɗe ƙosai na tsince shi. In ka ga baƙi ya karkace, ka miƙe shi a bakinka ka wuce.

Uwani, salamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina gai da kakarki Nenne, ina gai da duk wanda zai miƙa miki ruwa a hanya. Allah ya kai ki Gafasa lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya warkar da hannun nan naki. Gobe kasuwar Ajingi take ci, Kawu Buba, wan mahaifiyarki, zai zo nan Gaya ya ɗauke ki. Shekararki bakwai. Baƙaƙen da na koya miki a ƙasa da tsinke ba su isa ki karanta wannan da kanki ba, don haka a zauren kawunki za a karanta miki. Ki ji abin da za ki iya ji. Sauran ki ba Nenne ta ajiye miki a cikin kwalla har ki girma.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Ɓarnar da na yi da hannuna da bakina zan gaya miki, don ran da wani ya zaunar da ke zai ba ki labarin ubanki, ki ce masa, "Baba ya riga ka."

Wata takwas kika yi a duniya ban ɗauke ki ba ko sau ɗaya. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci, kunya biyu ke nan a kaina. In na shigo na tarar ana miki wanka sai in kau da kai in shiga neman fartanyar da ke rataye a gaban idona. Mahaifiyarki takan yi dariya ta ce, "Malam, karɓe ta mana in kwashe tuwo. Ba ta cizo fa, haƙorin ma babu." Ni kuma in ce, "Ke dai yi abin da ke gabanki." Daɗi nake ji a ce Sule yana da kara. Sai zazzaɓin bazara ya kwantar da ita, kwana huɗu, Allah ya karɓi abarsa. Matan unguwa suka zauna da ke har sadakar bakwai. Ran nan da la'asar ta ƙarshensu ta naɗe tabarmarta, ta miƙo mini ke a bakin ƙofa ta ce, "Sai haƙuri." Na karɓe ki kamar an miƙo mini tukunya daga kan wuta. Ko inda ake tallafe yaro ban sani ba. Kika dube ni, kika ga baƙo, kika fasa ihu. Kuma gaskiyarki ce, baƙon ne. In Allah ya ba ki haihuwa, Uwani, ki ɗora ɗan a hannun ubansa tun yana ɗanye, ko yana kau da kai, ko duk gari zai yi masa dariya. Ba wanda ya san wanda zai riga wani tafiya.

Za ki ce to ina matan gidanmu? Ni na raba ki da su tun ba a haife ki ba. A gandun Yaya Garba nake, sai wata rana ya ce in bar gayaunata, 'yar gonar kaina, in kai masa taki, a ranar da take tawa ce. Zaure cike da mutane na ce masa ni ƙaninsa ne, ba jakinsa ba. Na ɗauki matata na koma bayan gari, na kafa ɗaki ɗaya da dangar kara, ina taƙama na zama mai gida. Da aka yi rasuwar ya aiko maƙwabcinmu cewa matarsa tana goyo, za ta haɗa ku ta shayar, amma in zo zauren da na zage shi in ba shi haƙuri. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Na ce a koma a ce masa jakin ya ƙi. Ki lura da kyau: ke ce mai jin yunwa, ni mai fushin cikina a ƙoshe yake.

Dangin mahaifiyarki kuwa a lokacin suna kudu da shanu, labari bai same su ba sai da ruwa ya sauka suka dawo. Nenne ta zo da ƙafarta, idanunta sun kumbura, ta ce in ba ta ke. Kawu Buba yana tsaye a bayanta da sanda a kafaɗa. Maimakon in shimfiɗa musu tabarma sai na ce, "Kun gama da shanun ke nan? Yanzu kuka tuna kuna da mutum?" Kawunki ya kama hannun uwarsa ya ce, "Taso, Nenne. Ya riƙe abarsa." Suka tafi. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma daga ranar har bana ko ƙwaryar nono ɗaya ba ta zo daga wajensa ba, wannan kuma ba nawa ba ne.

In kika ji ƙirjinki ya ɗauki zafi, maganar ta taho har bakin leɓe, ki ɗauki tulu ki tafi rijiya. Ki ja guga uku. In kin dawo maganar tana nan, to ki faɗe ta. Ni ban taɓa yi ba, shi ya sa nake gaya miki.

To, sai na shiga neman wadda za ta riƙe ki da rana in samu in yi noma. A nan na gane abin da duk zamana a Gaya ban taɓa lura da shi ba. Duk mai iya raino tana cikin gida, kowane gida kuma ba shiga. Mace mai jariri in ta matsu sai ta yafa mayafi ta faɗa gidan maƙwabta, ta ajiye shi a cinyar wata, ba mai tambayarta. Namiji mai jariri iyakarsa zaure. Sai in tsaya ina ta sallama, a amsa daga ciki, "Ba ya nan!" In ce, "Ba shi nake nema ba." Sai a yi tsit, don me kuma namiji yake nema a gidan da mai shi ba ya nan? In kuwa mai gidan yana nan, ya fito ya yi mini ta'aziyya karo na biyar, ya ce zai yi shawara da iyali. Har yau shawarar ake yi. Akwai wata baiwar Allah da tausayi ya kama ta, ta aiko cewa in kawo ki ta ba ki nono. Na taho da ke da sassarfa, mijin ya tare ni a zaure ya ce, "Sule, ka san nono zumunci yake ƙullawa. Ina da 'ya'ya maza, ban san inda Allah zai haɗa su ba nan gaba." Yarinya ko rarrafe ba ta iya ba, shi yana tunanin aurenta. Na sayar da kekena na sayi akuya mai ɗa. Nononta kika sha da koko, da ɗan ƙaramin ludayi, rabi a bakinki rabi a rigata.

Da shuka ta kama ba yadda zan yi, na ɗauko zanin mahaifiyarki da majanyinta na goya ki. Sai da na durƙusa a kan tabarma na yi ta gwadawa, kina zamewa ina tarowa. Na riƙa bi ta bayan gari don kar a gan ni, amma wane bayan gari ne ba ido? Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Sule Mai Goyo. In na wuce majalisar bakin kasuwa sai wani ya ce, "Uwar gida, ina kwana? Ya jego?" Wani ya karɓe, "A dama mata kunun kanwa mana!" Wata rana na kasa haɗiyewa, na shaƙe wuyan ɗaya daga cikinsu, na manta kina bayana. Muna kokawa kanki ya bugu da ginshiƙin rumfa. Allah ya tsare, ƙulu ne kawai ya fito. Amma daga ranar na daina zama cikin maza, su ma ba su neme ni ba.

A gona nakan kwantar da ke cikin masaki a gindin ɗorawa, in yi ɗan noma in waiwayo, in yi ɗan noma in waiwayo. In rana ta take sai in zauna kusa da ke, in ɗauko takardun da na tsinto in karanta miki da ƙarfi, tallan sabulu, farashin auduga, rabin labarin da aka yage ƙarshensa, ke kuma kina tsotsar yatsa kina kallon bakina. Akwai watan da in aka cire sallamar masallaci, da ke kaɗai na yi magana.

A Gafasa za su tsokane ki. Za su ce miki 'yar Haɓe, za su yi dariyar kitson da ke kanki, don ni na yi shi kuma na san yadda ya fito. Ki bar su. Mai tsokana kafin ya isa gida ya manta abin da ya faɗa, ke kuwa abin da kika rama da shi zai daɗe yana bin ki.

A cikin takardun nan ne na ga an rubuta wai akwai wani ofis a birni da ke taimakon marayu. Sai da na karanta sau goma don in tabbata ba idona ba ne. Na sayar da kaji, na goya ki, muka hau motar Kano, kika yi wa wani Alhaji amai a babbar riga tun ba mu kai Wudil ba. Muka wuni a kan benci. Da aka kira ni, akawun bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ina uban yarinyar?"

Na ce, "Ga ni."

Sai ya ɗago. "Kai ne uban? To ai ba tamu ba ce, malam. Wanda ubansa ya rasu muke rubutawa."

Na ce, "Uwarta ce ta rasu, ranka ya daɗe. Ita ce mai nonon."

Ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Ka yi aure mana, ga ka da ƙarfinka."

A nan ya kamata in sunkuyar da kai in tambaye shi ko akwai wata hanyar. Ina! Sai na ce, "To bari in kwanta in mutu a gaban teburinka, sai ka rubuta ta." Masinja ya fitar da ni da hannu. A bakin ƙofa wata dattijuwa da muka zauna benci ɗaya ta biyo ni ta ce, "Haba ɗan nan, da ka yi haƙuri. Ai shi ne ke ba da takardar karɓar madarar gari a asibiti, ita ba ruwanta da wa ya mutu." Na juya zan koma, masinja ya cika ƙofa da jikinsa. Haka muka dawo Gaya, ba kaji, ba madara.

Da kaka ma haka. Aka fitar da zakkar hatsi, dami-dami ana kai wa malamai da tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Mijin da matarsa ta rasu ba wanda ya tuna da shi. Ban cika ganin laifinsu ba, wa zai dubi ƙato kamata ya ce mabuƙaci ne? Ba su ga rabin gonata da ciyawa ta cinye ina gida ina dama koko ba. Daga baya liman ya ce mini da na yi magana tun da wuri da ya sa baki. Ban yi ba. Jira nake su gane da kansu, in sun ƙi ganewa in samu abin fushi. Ke in kina da buƙata ki faɗa tun da wuri, ki faɗa da irin bakin da za a iya amsa wa. In an ce a'a, ki tambaya ina kuma za ki je, sa'an nan ki yi godiya ki tashi.

Aure kuwa, kowa "ka yi aure, ka yi aure," kamar a kasuwa ake tsinta. Na nema. Akwai wata bazawara a unguwar gabas, mai hankali, takan aiko miki da ɗan kunu ba tare da an roƙe ta ba. Ran da na je gaban mahaifinta ya tambaye ni abin da ke tafe da ni, na buɗe bakin nan nawa na ce, "Baba, ni gaskiya mai raino nake nema." Tsohon ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "To ka nemi ta haya. Mu nan 'ya muka haifa." Ita kuma tana bayan zana tana ji. Ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Ɗaya rabin, cewa na gaji da cin tuwo ni kaɗai, kuma bazawarar ta kwanta mini a rai, shi na haɗiye. Mai zafin nakan iya faɗa a gaban kowa, mai daɗin ne yake maƙale mini a wuya. Kar ki gaje ni a nan.

Taimakon da na je nema har Kano ashe yana kan hanyar gonata. Ke kin san Iya Tabawa fiye da ni, amma masu saurare ba su san ta ba. Tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli, ba miji, ba ɗa a kusa, ta wuce shekarun kulle, a ƙofar gidanta take zama da kaskonta. Kullum ina wuce ta, gaisuwar ma sama-sama. Wata safiya sai na ji, "Kai, ɗan nan! Zo nan. Wa ya koya maka goyo? Ka ɗaure 'yar mutane kamar damin kara, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa."

Na ce, "Iya, in dariya za ki yi sai ki jira, akwai waɗanda suka riga ki."

Ta ce, "Rufe mini baki ka sauke ta. Dubi wuyanta duk ya saɓule."

Ta karɓe ki ta shafa miki man gyaɗa, ta ɗan jijjiga ki, kika yi barci a cinyarta. Na ce mata ba ni da abin biya.

Ta ce, "Wa ya tambaye ka? Kana da baya ko ba ka da shi? Ni tulu ya fi ƙarfina."

A tsaye muka shirya. In kawo mata ruwa tulu biyu kowace safiya, in faso mata itace, in nome mata 'yar gonarta ta gyaɗa, in yaɓe mata ɗaki kafin damina. Ita kuma ta riƙe ki daga hantsi zuwa la'asar. Kwabo bai taɓa shiga tsakaninmu ba, kusan shekara shida. A tsakar gidanta kika fara tafiya. Ita ta koya miki tsarki da wanke kwano, ita ta fara biya miki Fatiha. In na zo ɗaukar ki takan ce, "Zauna ka ci ɗumame, ƙaton banza, ka rame kamar sanda." Shekarun nan su ne kaɗai na ji kamar ina da gida. Duk inda kika samu kanki cikin matsi, Uwani, ki duba kusa da ke tukuna. Akwai mai abin da kike nema, shi kuma yana neman abin da hannunki zai iya. Irin wannan taimakon ba ya sa mutum sunkuyar da kai.

Ni na rushe shi. Bana da rani na dawo daga aikin gini, na hango ki a tasha da faranti a ka, kina "A sayi ƙuli!" a tsakanin motoci, wani karen mota yana ja miki ɗankwali. Idona ya rufe. Duk 'yan matan garin nan suna talla, na sani sarai. Amma na fizge farantin, na ja ki har ƙofar Iya, a gaban masu saye na ce mata, "Riƙo na ba ki, ban ce ki mai da mini 'ya baiwa ba! Ruwan da nake ja miki bai ishe ki ba?" Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da kwanuka uku sababbi masu fure ta jera a gabana. Ta ce, "Ga abin da baiwar ta tara. Na ga ba ta da uwa, na ce wa zai tara mata kayan ɗaki? Ɗauki 'yarka, ɗauki kwanukanka." Ta ja ƙyaure. Kina kuka kina kiran Iya, ni ina jan ki. Kafin mu isa gida na san na yi ɓarna. Wata biyu ina wucewa ta ƙofar nan ina kallon gefe.

Ranar da abin ya faru kin fi ni sani. Na tafi kasuwar Ajingi sayar da igiya, na bar ki gida da fura, na ce kar ki taɓa murhu. Mota ta ɓaci a hanya. Kika ga la'asar ta yi ban dawo ba, kika ce bari ki dama wa Baba koko ya tarar. Tukunyar ta fi ƙarfinki. Matan maƙwabta sun ji ihun, mazansu duk suna kasuwa, suka taru a bakin dangata suna ta sallama, kowa na jiran wata ta fara shiga, don gidan gwauro ne. Sai da wata tsohuwa ta ture su ta shiga. A ɗakin shan magani na same ki, an naɗe hannun daga gwiwa zuwa yatsu. Da kika gan ni abin da kika fara cewa shi ne, "Baba, kokon ya zube."

Ki ji wannan da kyau, kuma kai mai karatu ka maimaita mata shi sau biyu. Ba laifinki ba ne. Wanda ya bar 'yar shekara bakwai da murhu don ya kasa cewa tsohuwa ta yi haƙuri, shi ne mai laifi.

Labari ya kai Gafasa, inda fari ya zaunar da kawunki bayan shanun sun ragu. Aka zauna a zauren mai unguwarmu, ga liman, ga Yaya Garba, ga Kawu Buba. Ban yi musu ba, karo na farko tun da aka haife ni, don hannunki yana gaban kowa. Aka yanke cewa ki koma wajen Nenne har hannun ya warke, har kuma in samu macen da za ta riƙe ki da rana. Kawunki ya ce ya yarda, aka shafa Fatiha. Sai shekaranjiya matan da ke kawo tallan nono suka gaya mini a can cewa kawunki yake yi an karɓo 'yar ƙanwarsa ke nan, ba komawa.

Jiya da hantsi na ɗebo ruwa tulu biyu na kai ƙofar Iya. Na durƙusa a gaban masu sayen ƙuli na ce, "Iya, na yi laifi. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana juya ƙuli a cikin mai ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Sai da yarinya ta ƙone bakinka ya iya faɗa?"

Na ce, "Haka ne, Iya."

Ta ce, "Juye ruwan a randa. Ran da ta dawo ka kawo mini ita. In na ƙara jin bakin nan naka kuma da muciya zan rufe shi."

Na je na kira liman da mai unguwa suka ji daga bakinta.

Saura ke. Ki gai da Nenne a durƙushe kowace safiya, ki zama ƙafarta. Hannun nan kar ki bari ƙuda ya sauka a kai, a wanke shi yadda malamin asibiti ya nuna, in yana ciwo ki faɗa, kar ki ɓoye don a ce kina da haƙuri. Ki ci abin da aka ba ki. Ki koyi Fillanci, harshen uwarki ne, ni na hana ki shi. Ki tambayi Nenne labarin mahaifiyarki, ita ta san ta tun tana goye, ni shekara biyu kaɗai aka ara mini ita. Baƙaƙenki ki riƙa zana su a ƙasa ko da kowa zai ce wasa kike yi. Kar ki riƙe kawunki a zuci saboda ni, abin da ke tsakanina da shi namu ne.

Ni kuma kar ki damu da ni. Jibi zan tuƙa tuwon mutum ɗaya, ban san yawan garin da ake zubawa ba, amma zan koya. Tabarmarki ba zan naɗe ta ba.

Allah ya raya ki, ya yi miki albarka, ya tsare ki fita da shiga, ya sa ki a hannun masu tausayi. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta. Allah ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Sule

Kai mai karatu, kar ka naɗe takardar tukuna. Juya ka fuskanci Kawu Buba.

Buba, na gaya maka baƙar magana a gaban mahaifiyarka kuna cikin makoki. Ga shi a rubuce na ba ka haƙuri, na ba Nenne haƙuri, kowa ya ji. A zauren mai unguwa ka ce har hannu ya warke, har in samu mai riƙo. Mai riƙo ta samu, liman shaida ne. Hannu kuma in Allah ya so kafin a yanke gero ya warke. To riƙo ka karɓa ko ƙwace? In riƙo ne, faɗi ranar da za ka dawo mini da 'yata, ka ɗaga murya Nenne ta ji daga cikin gida. In kuwa ƙwace ne, ka dubi idon Uwani ka gaya mata da bakinka, a gaban mutanen nan da ke kallon ka. Kar kowa ya tashi sai ya amsa.